Haddar jimloli ko karatun nahawu: ta ina mai fara koyon Italiyanci zai kama?

Wanda ya ƙuduri niyyar koyon Italiyanci, ko ɗalibi ne a Kano da ke jiran takardar shiga wata jami'a a Bologna ta ƙasar Italiya, ko matar aure ce a Kumasi da ke shirin tarewa wurin mijinta a Brescia, ko kuwa ma'aikaci ne da ya riga ya sauka yana ɗibar tumatir a gonakin Foggia, yakan ji shawara iri biyu daga waɗanda suka riga shi, kuma shawarwarin ba sa jituwa. Wasu za su ce masa ya ajiye littafi ya haddace jimlolin da ake bukata a kasuwa da ofis da asibiti, domin a bakin mutane harshe yake. Wasu kuma za su gargaɗe shi kada ya saki baki kafin ya san yadda ake sarrafa aikatau, domin wanda ya fara da karkataccen harshe da wuya ya miƙar da shi daga baya. Na ga mutanen da kowace hanya ta fisshe su, na kuma ga waɗanda kowace ta bari a tsakiyar tafiya. Abin da nake so in yi shi ne in auna hanyoyin biyu da mudun Bahaushe, in duba abin da harshenmu ya riga ya sauƙaƙa mana da abin da ya bar mana da wuya, saboda yawancin littattafan koyon Italiyanci an rubuta su ne domin mai jin Ingilishi ko Faransanci, alhali inda suke tuntuɓe daban, inda muke tuntuɓe daban.

Akwai aikin da ke gaban hanyoyin biyu duka, wanda babu zaɓi a cikinsa, shi ne koyon karanta rubutun da furta shi, kuma a nan Bahaushe da jarinsa ya shigo kasuwa. Wasulan rubutun Italiyanci biyar ne, a, e, i, o, u, ana kuma karanta su kusan yadda muke karanta namu a boko. Harafin c, idan e ko i ya biyo shi, daidai yake da c ɗinmu na ci da ciki, shi ya sa "ciao" da "cena" da "cento" ba sa ba mu wuya. Idan kuwa a, o ko u ne ya biyo, ko aka saka h a tsakani, sai ya koma k, kamar a "casa" da "chiave". Haka g take, "gente" da j ake furta ta, "ghiaccio" da g. "Sce" da "sci" su ne she da shi namu, "gn" kuma tana kusa da ny ɗin da ke cikin hanya, kamar a "bagno" da "signora". Abin da ya fi wahalar da masu jin Ingilishi, wato baƙi mai shadda, mu da shi muka tashi. Kunnen da ya saba raba baba da babba, ko mana da manna, nan take zai ji bambancin "sete", ƙishirwa, da "sette", bakwai, ko "casa", gida, da "cassa", wurin biyan kuɗi, ko "nono", na tara, da "nonno", kaka namiji. Inda ƙafarmu ke zamewa shi ne p da v, domin Hausa ba ta raba p da f, ba ta kuma da v, sai mu mayar da ita b. A Italiyanci "pino" sunan itace ne, "fino" na nufin har, "vino" kuwa giya ce. "Pollo" kaza ce, "bollo" kuma kan sarki ne na haraji, irin "marca da bollo" ta yuro 16 da ake manna wa takardun hukuma. Sai ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ke mayar da "scuola" sukola, "strada" kuma sitirada. Mako ɗaya ko biyu na sauraro da maimaitawa da ƙarfi ya kamata a ware wa wannan, ko wace hanya mutum zai bi daga baya.

Hanyar hadda tana da abin da ba a iya musa mata, wato sauri. Wanda ya riƙe jimla uku kullum, kafin wata ya ƙare yana da casa'in a kansa, kuma casa'in ɗin nan, idan an zaɓe su da kyau, sun isa su kai shi tasha su dawo da shi gida. "Buongiorno" da "buonasera" da "arrivederci" na gaisuwa ne da bankwana. "Per favore", "grazie" da "prego" na ladabi ne. "Quanto costa?" tambayar farashi ce, "Dov'è la stazione?" tambayar hanyar tasha ce, "Mi fa male la testa" kuma shi ne kaina yana ciwo. Wanda zai shiga ɗaki ko gidan wani yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce "Permesso?", a amsa masa da "Avanti", kamar dai yadda muke sallama mu jira izini. Akwai jimloli uku da nake ganin sun fi sauran daraja, domin da su ake koyon sauran: "Non ho capito, può ripetere?", ban gane ba, ko za a maimaita, "Può parlare più lentamente?", ko za a yi magana a hankali, da "Come si dice in italiano?", yaya ake cewa da Italiyanci. Ga Musulmi kuma akwai haddar da ba ta jiran wata na biyu. "Non mangio carne di maiale" na nufin ba na cin naman alade, amma jimlar kaɗai ba ta wadatar, sai an san kalmomin da ke jikin kwali da takardar abinci: "suino" da "maiale" duk alade ne, "prosciutto" da "pancetta" da "guanciale" daga jikinsa ake yin su, "strutto" kuwa kitsensa ne, wanda ake sakawa a wasu nau'o'in burodi da kuma "piadina" ta gargajiya. Babu littafin nahawun da zai sa waɗannan a darasin farko, mai hadda kuwa yana iya sa su a rana ta farko.

Haka sunayen wuraren da rayuwar baƙo ke kewayawa. "Questura" ita ce hedikwatar 'yan sanda inda ake harkar takardar izinin zama, "comune" ofishin ƙaramar hukuma, "codice fiscale" lambar haraji mai haruffa da lambobi 16 wadda ba a kama haya ko aiki sai da ita, "tessera sanitaria" katin asibiti, "medico di base" likitan da aka yi wa mutum rajista a wurinsa, "busta paga" takardar albashi, "patronato" kuma ofishin da ke taimaka wa ma'aikata cike takardu. Wani alherin hadda da ba a cika lura da shi ba shi ne jimlar da aka haddace daidai tana ɗauke da nahawunta a ciki. "Vorrei un biglietto per Milano", ina son tikitin Milan cikin ladabi, tana da siffar aikatau da littattafai ba sa kaiwa gare ta sai an yi nisa, amma mai hadda yana amfani da ita tun makon farko ba tare da kuskure ba. Wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan tsari, a riƙe lafazi daram tukuna, bayani ya biyo baya, ya kuma san cewa haddar da ba a yi mata tilawa zubewa take yi.

Rauninta yana fitowa ne a lokacin da aka amsa tambaya. Mutum ya tambayi inda "questura" take da kyakkyawan lafazi, wanda aka tambaya ya ɗauka ya iya harshen, sai ya zubo masa "Vada dritto, al semaforo giri a sinistra, è di fronte alla banca", a nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Rauni na biyu ya fi wannan girma. Mai hadda ya iya cewa "Ho un appuntamento", ina da alƙawarin ganawa, amma ranar da yake bukatar ya ce jiya yake da alƙawarin, bai samu zuwa ba saboda ɗansa ba shi da lafiya, babu wannan jimla a cikin casa'in ɗinsa, kuma bai san yadda ake ƙera ta ba. Abin da yakan yi shi ne ya ɗauko aikatau yadda ya gan shi a ƙamus ya jera: "io andare", "io lavorare", "tu venire domani", kamar a ce ni tafiya, ni aiki, kai zuwa gobe. Italiyawa suna gane abin da yake nufi, saboda haka ba wanda ke gyara masa, shi kuma yana ganin bukata ta biya. Bayan shekara biyar ko goma harshen ya daskare a haka, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a dukan al'amarin, domin mutum mai hankali da sana'a, wanda a Hausa ake sauraronsa idan ya yi magana, sai a riƙa yi masa kallon wanda bai san komai ba a gaban likita ko malamin 'ya'yansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma watanni shida na farko su ne ɗanyen wannan icce.

Akwai kuma batun girmamawa, wanda Bahaushe ba ya wasa da shi a harshensa, bai kamata ya yi sakaci da shi a harshen wasu ba. Kamar yadda muke ce wa babba ku maimakon kai ko ke, Italiyanci yana da "tu" na aboki da yaro da ɗan gida, da "Lei" na babba da baƙo da ma'aikacin ofis. Bambancin shi ne "Lei" asalinta ita take nufi, saboda haka aikatau yana bin ta da siffar mutum na uku, ko namiji ake yi wa magana ko mace. "Come stai?" na aboki ne, "Come sta?" na girmamawa, "scusa" ga tsara, "scusi" ga babba, "ciao" kuma ba gaisuwar ofis ba ce. A kudancin ƙasar ana jin "Voi" ga tsofaffi, wadda ta yi daidai da ku ɗinmu. Wanda ya kwashi jimlolinsa a bakin abokan aiki "tu" kaɗai yake ji, ita kuma zai kai ko'ina. Na taɓa raka wani ɗan'uwa wani ofishi, ya gai da dattijuwar da ke kan tebur da "ciao", ya bi ta da "tu" har ƙarshen maganarsa, kuma duk da ta yi masa aikinsa, fuskarta ta nuna abin bai yi mata daɗi ba, shi kuwa mutum ne mai ladabi wanda da ya sani ba zai yi ba. Haɗari na ƙarshe a wannan hanya shi ne karin harshe. Daidaitaccen Italiyanci an gina shi ne a kan harshen birnin Firenze na ƙarni na 14, ƙasar kuma ba ta haɗe wuri ɗaya ba sai a 1861, don haka har yau mutanen Napoli da Sisiliya da Veneto da Bergamo suna da harsunan gida da suka yi nisa da na makaranta. Wanda ya koyi "jamme" a wurin gini a Napoli maimakon "andiamo", mu tafi, ko "schei" a Veneto maimakon "soldi", kuɗi, zai iske ba su da amfani a takardar jarrabawa ko a wani lardin.

Hanyar nahawu ana yi mata kallon dutse mai wuyar hawa, amma ga mai jin Hausa rabin dutsen an riga an haye shi. Jinsin suna, wanda ke rikita mai jin Ingilishi, mu mun san shi tun muna goye: mun san riga mace ce, wando namiji ne, ba tare da an ba mu dalili ba. Abin mamaki ma, yawancin sunaye mata a Hausa da a suke ƙarewa, haka kuma a Italiyanci, "la strada", "la macchina", "la porta", maza kuma galibi da o, "il libro", "il treno". Yadda muke da gida da ruwa da suna da nama, masu ƙarewa da a amma maza, haka suke da "il problema" da "il programma", suna kuma da "la mano" da "la foto" mata masu ƙarewa da o. Masu ƙarewa da e ne ba su da alama, "il pane" namiji, "la chiave" mace, sai a haddace kowanne da abin da ke gabansa. Abin kiyayewa shi ne kada a ɗauki jinsin Hausa a ɗora wa kalmar Italiyanci, domin rana a wurinmu mace ce, "il sole" namiji, wata a wurinmu namiji ne, "la luna" mace. Sifa tana bin suna kamar yadda muke cewa farin gida, farar mota, fararen motoci, sai dai su jam'insu ma yana raba maza da mata, "bianco, bianca, bianchi, bianche". Jam'i kuwa, wanda ya iya gidaje da littattafai da itatuwa da 'yan mata ba zai ji tsoron harshen da o ke komawa i, a ta koma e, e ta koma i ba. Ƙananan kalmomin da ke gaban suna, "il, lo, l', la, i, gli, le", aikinsu yana kusa da na n da r a gidan da motar, kuma kwana kaɗan ya isa a gane inda kowace ke zama.

Aikatau shi ne ainihin sabon abu, kuma a kansa ne hanyar nahawu ta fi hadda nesa ba kusa ba. A Hausa aikatau yana tsaye, wakilin suna ne ke sauyawa: na tafi, ka tafi, ya tafi, mun tafi. A Italiyanci ana yawan jefar da wakilin sunan, ƙarshen aikatau ne ke faɗin mai aikin: "lavoro" ina aiki, "lavori" kana aiki, "lavora" yana aiki, "lavoriamo, lavorate, lavorano" muna, kuna, suna aiki. Wasali ɗaya a ƙarshen kalma shi ke raba ni da kai da shi, kuma wanda bai san wannan ba ko an yi masa magana a hankali ba zai san wa ake nufi ba. Wanda ya yi sarfu a makarantar ilimi, ya jera katabtu, katabta, kataba, ya riga ya san irin wannan aiki. Rukunonin aikatau uku ne, masu ƙarewa da "-are", da "-ere", da "-ire", sai 'yan tawaye kaɗan da ake amfani da su kullum, musamman "essere", kasancewa, da "avere", mallaka. Da "avere" ake faɗin yunwa da ƙishirwa da sanyi da shekaru, "ho fame", "ho sete", "ho freddo", "ho trent'anni", na ƙarshen nan kuma daidai yake da ina da shekara talatin. Akwai wata gada da nake so kowane mai fara koyo ya sani tun a watan farko, ita ce "posso", zan iya, da "devo", dole in, da "voglio", ina so. Duk aikatau da ya biyo bayansu yana zama ne a siffarsa ta ƙamus, saboda haka mutumin nan mai cewa "io andare" kalma ɗaya ta rage masa ya faɗi daidai: "Devo andare dal medico", dole in je wurin likita, "Posso pagare domani?", zan iya biya gobe? Idan aka ƙara shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum, "ho lavorato", na yi aiki, da "sono andato" ga namiji, "sono andata" ga mace, na tafi, to an samu abin ba da labarin jiya. Na gobe kuma ana iya faɗinsa da siffar yanzu, "domani lavoro", gobe ina aiki.

Laifin wannan hanya shi ne tana cin lokaci kafin ta biya, kuma tana iya haifar da mutumin da ke cike jadawalin aikatau ba kuskure amma bakinsa ya ƙi buɗewa a gaban mai sayar da burodi, saboda yana lissafin ƙa'ida a zuci har mai magana ya gaji ya wuce. Littattafan nahawu kuma ba su san gaggawa ba, suna ba kowane babi haƙƙinsa, har da "passato remoto", siffar aikatau ta abin da ya daɗe da shuɗewa, wanda a arewacin ƙasar kusan sai a rubutu ake ganinsa, da "congiuntivo", siffar aikatau ta fata da shakka, wanda mai fara koyo zai iya rayuwa shekara guda bai bukace shi ba. Sannan akwai wuraren da ƙa'ida ba ta kai ba, sai hadda. Ana cewa "a Roma" amma "in Italia", "al mercato" amma "in farmacia", "a piedi" amma "in treno", "a scuola" amma "dal medico", kuma wanda ya tsaya neman dalilin kowanne zai ɓata watanni. Mai jin Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, nahawun zai zo masa da sauƙi ƙwarai domin harsunan biyu daga Latin suka fito, sai dai ya kula da kalmomi masu kama da juna, irin "fermare" da ke nufin tsayarwa, ba rufewa ba, da "salire" da ke nufin hawa. Mai jin Ingilishi shi ma sai ya kula cewa "camera" ɗaki ne, "parenti" dangi ne, iyaye kuwa "genitori", "fattoria" gona ce, "caldo" kuma zafi.

Abin da ke yanke hukunci tsakanin hanyoyin biyu ga mutane da yawa shi ne takarda. Turai tana auna iya harshe da matakai shida, daga A1 zuwa C2. Tun daga Disamba 2010, mai neman takardar izinin zama ta dogon lokaci, wadda ake nema bayan shekara biyar, sai ya nuna ya kai A2. Jarrabawar ta ƙunshi sauraro da karatu da rubutu, ana cin ta da maki 80 cikin 100, wanda ya faɗi kuma sai ya jira kwana 90 kafin ya sake nema. Tun daga Disamba 2018 an sa sharaɗin B1 ga mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewar zama, ko da yake doka ta ɗauke shi ga wasu, ciki har da masu riƙe da waccan takarda ta dogon lokaci. Jami'o'i galibi B2 suke nema ga kwasa-kwasan da ake koyarwa da Italiyanci. Takardun shaidar da aka fi sani su ne CILS ta jami'ar baƙi da ke Siena, da CELI ta jami'ar baƙi da ke Perugia, da PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, da kuma ta jami'ar Roma Tre. Ko lasisin tuƙi, jarrabawarsa ta rubutu tambaya 30 ce ta gaskiya ko ƙarya cikin minti 20, kuskure uku kawai aka yafe, kuma jimlolinta irin na hukuma ne waɗanda kalma ɗaya ke juya ma'anarsu. Hadda zalla tana iya kai mai ƙoƙari bakin A2, amma ban ga yadda za ta haye da shi B1 ba, inda ake so ya rubuta wasiƙa ya kuma ba da labari da dalili.

Wurin koyo ma yana karkata ga ɗaya daga hanyoyin. Manhajojin waya irin Duolingo sun fi kusa da hadda, suna da kyau wajen sa mutum ya taɓa harshen kullum, amma ta Ingilishi ko Faransanci ake bi a shiga, ba ta Hausa ba, kuma ba za su ji cewa p ɗinka ta koma f su tsayar da kai yadda malami zai yi ba. Malamin da ake biya ta intanet, a dandali irin italki ko Preply, shi ne mafi saurin gyara baki, kuɗinsa ne dai ba kowa ke iyawa ba. Ga wanda ke cikin Italiya, makarantun manya na gwamnati da ake kira CPIA su ne suka fi haɗa hanyoyin biyu: suna karɓar mai shekara 16 zuwa sama, tsarinsu sa'a 200 ne, 100 na A1, 80 na A2, 20 na tarba da tantancewa, abin da ake biya kaɗan ne, kuma shaidar A2 da suke bayarwa tana ɗauke wa mutum waccan jarrabawa ta takardar zama. Akwai kuma makarantun sa kai na kyauta, irin na ƙungiyar Sant'Egidio da ke koyar da baƙi tun 1982, da makarantun Penny Wirton da aka fara a Roma a 2008, inda ake zaunar da ɗalibi ɗaya ko biyu gaban malami ɗaya.

Idan aka tambaye ni, ma'aikacin da ya riga ya sauka ya fara da hadda, domin gobe da safe yake bukatar harshen, amma ya ɗauki jimlolinsa daga littafi ko malami, ya haddace su da siffar "Lei", kuma kada wata na biyu ya kama bai zauna a kan "essere" da "avere" da "posso, devo, voglio" da jadawalin "-are" ba. Kowace jimla da ya riƙe ya riƙa juya ta, "ho un appuntamento" ta zama "abbiamo un appuntamento", ta zama "non ho un appuntamento", har hadda ta zama ƙofar nahawu. Ɗalibin da ke Kano ko Yamai, wanda ke da wata shida ko shekara a gabansa kuma B2 ake nema a wurinsa, nahawu ya kamata ya zama gindin karatunsa, tunda babu kasuwar da ke matsa masa, sai dai ya tilasta wa kansa sauraro da magana da ƙarfi kullum, ko da ta saƙon murya ne da wani da ke can, don kada ya sauka da harshen takarda kawai.

Matar da za ta tare ita ce na fi jin tsoron a yi sakaci da ita, domin miji da maƙwabta masu jin Hausa suna iya ɗauke mata kowace magana har shekaru su wuce ba ta bukaci harshen ba, sai ranar da yaro ya yi zazzaɓi da dare mijin yana wurin aiki, ko malamar makaranta ta kira iyaye ganawa. Kafin ta taso ta haddace gaisuwa da lambobi da kwanakin mako da sassan jiki da jimlolin asibiti, ta iya faɗin adireshin gidanta da ƙarfi, ta kuma san cewa 112 ce lambar neman agajin gaggawa, 118 kuma ta motar asibiti. Nahawun ta bar shi sai ta zauna a aji, inda za ta samu malama da abokan karatu. Yawancin azuzuwan CPIA suna buɗewa ne a farkon shekarar karatu, wajen Satumba da Oktoba, saboda haka idan ta sauka a tsakiyar shekara ta je ta rubuta sunanta duk da haka, ta kuma nemi makarantar sa kai mafi kusa da gidanta ta fara zuwa kafin a kira ta.